Wa Ke Zuba Gishiri a Jirgin Taufiƙ?

"To wai wa ke zuba gishiri a cikin jirgin nan?"

Ba da ita ake ba, amma a kunnenta tambayar ta sauka, ita kuma ta hana sukuni. Ku gyara zama, 'yan uwa, ku ji yadda aka yi.

Akwai wata amarya a Garwa mai suna Sadiƙa. Irin matan nan ne da in an yi baƙi sai dai a ga abinci ya fito, ba a ga wadda ta dafa ba. Karatunta bai yi nisa ba, magana kuma sai ta kama dole. Amma idonta ba ya barin komai ya wuce.

Mijinta Taufiƙ matuƙin jirgin sama ne. Ba irin manyan nan na zuwa Makka ba. Wani ɗan tsohon jirgi ne mai kujeru huɗu, wanda ya girme shi kansa Taufiƙ. Mahaifinsu marigayi Alhaji Dawuda ya saye shi hannun wani Bature mai kai baƙi farauta, lokacin da zai koma ƙasarsu. Jirgin a kan wutsiyarsa yake zama, hanci a sama, kamar akuya mai leƙen katanga.

A gonarsu da ke hanyar Lagdo ake ajiye shi, cikin wata rumfar kwano. Da shi Taufiƙ ke ɗaukar masu gadin daji su zagaya wajen Tcholliré suna duba giwaye da ɓauna. In damina ta yanke hanya, wani lokaci har marar lafiya yakan ɗauko daga ƙauye.

Yayansa Kamilu ne ke riƙe da harkar. Mai gyara kuwa wani dattijo ne Kirista, Gédéon, wanda tun zamanin Alhaji yake kula da jirgin.

Duk Juma'a mahaifiyarsu Hajiya Aisatu, wadda kowa ke kira Dada, takan kai musu abinci gona. Tun da aka kawo Sadiƙa, ita ke riƙe mata kwanuka.

A irin wannan Juma'ar ce, Sadiƙa na shimfiɗa tabarma a bayan rumfa, ta ji tambayar Gédéon. Ta ɗan leƙa ta tsagar kwano.

Dattijon ya cire faifan da ke ƙarƙashin kujerar matuƙi. Fenti ya kumbura kamar ƙuna, ga wani farin gari ya taru a gindin ƙusoshi.

Kamilu ya ce, "Toka ce ko?"

Gédéon, wanda ke kiran maigidansa patron da Faransanci, ya ce, "Ba toka ba ce, patron. Ƙarfen ne da kansa yake zama gari. Irin wannan ba ya jar tsatsa kamar gatari, fara yake yi. Shi da kwanon silbar da mata ke jerawa a ɗaki uwarsu ɗaya ubansu ɗaya."

Ya dangwali garin ya kai harshe, ya tofar.

"Gishiri. Bara na kankare wurin nan, na wanke, na shafa magani, na yi fenti. Ga shi ya dawo, har ya fi na bara. Na san irin wannan a Duwala, inda iskar teku ke lasar jirage. Amma Garwa? Ina teku a nan?"

Ya dubi Taufiƙ. "Kwamanda, faɗa mini gaskiya. Ko kana ɗauko kifin Lagdo mai gishiri a ɓoye?"

Taufiƙ ya yi dariya. "Kifi a jirgin Baba? Ai da wari ya riga ka tona mini asiri."

Kamilu bai yi dariya ba. Ya ce, "Makullin rumfar nan, akwai nawa, akwai na ƙanena. Saura na wa?"

Gédéon ya ɗago kai a hankali. "Nawa."

"To."

Can Gédéon ya ce ko ma wane ne, shi abin da ya dame shi wutsiya ce. Tunda jirgin a kanta yake zaune, duk ruwan da ya shiga can zai gangara. Dole a sauke jirgin daga aiki, a buɗe bayan gaba ɗaya.

Kamilu ya ce, "Yanzu da masu daji ke jiranmu? Abin ya zo daidai, ko ba haka ba?"

Da suka juya baya, Sadiƙa ta ga Gédéon ya share ɗan garin ya ƙunshe a takarda, ya cusa a aljihu. Me mutumin kirki zai yi da ƙullin gari?

A gida Kamilu ya kwashe komai ya faɗa wa Dada. Tsohuwar ta ajiye carbi.

"Farin gari a ƙarƙashin kujerar ɗana, kuna ce mini ƙarfe ne? Barbaɗe ne. Wani ke nemansa."

Taufiƙ ya ce, "Haba Dada. Mutumin nan shi ya ɗora ni a kujerar jirgin nan ina yaro."

Kamilu ya ce, "Ai da ɗan gari akan ci gari. Ko dai yana ƙirƙirar wa kansa aiki, ko wani ya saye shi. Akwai masu son aikin dajin nan ya bar hannunmu."

Sadiƙa na bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Maganar ƙullin takarda ta zo mata har leɓe, kunya ta mayar da ita. Amma a ranta ta riga ta yanke wa dattijon hukunci.

Uwa ta faɗa, yaya ya faɗa, ƙane bai da ta cewa. Aka karɓe makulli daga hannun Gédéon. Kamilu ya ɗauko wani mai fentin mota, ya goge garin da tsumma, ya fesa sabon fenti. Wurin ya yi ƙyalli. Aka sa ranar tashi zuwa Tcholliré.

Ranar Alhamis Dada ta kira Sadiƙa ɗakinta.

"Wuyan hannuna ya matsa mini. Zo ki daka mini wannan."

Gishiri ne da kanwa, cike da tafi biyu. Sadiƙa ta daka, Dada ta jiƙa a ruwa, ta daɗe tana karatu tana tofawa, sannan ta ɗura a gorar roba. Sadiƙa ba ta kawo komai a ranta ba. Kakarta ma takan yayyafa irinsa a kusurwoyin gida saboda baki.

Washegari suka kai abinci gona. Da rana ta take, maza suka tafi masallacin ƙauyen da ke kusa, suka bar rumfa a buɗe kamar yadda suka saba. A da, a irin wannan lokacin Dada takan bar Sadiƙa tana haɗa kwanuka, ta shiga rumfar ita kaɗai.

Dada ta ce, "Ɗauko gorar nan ki biyo ni."

Ta buɗe ƙofar jirgin kamar ɗakinta. Ta yi bisimilla, ta tsiyaya ruwan ta gefen kujerar matuƙi, ya shige ta tsagar faifai. Ta miƙa hannu bayan kujerar baya, ta ƙara tsiyayawa. Sadiƙa tana jin ƙarar ruwan yana gangarawa can cikin wutsiya.

Dada ta ce, "Tun ranar da ya fara tashi nake yi masa. Ban taɓa fashi ba, shi ma kin ga bai taɓa faɗowa ba. Yanzu da maƙiya suka sa hannu, ai sai in ninka." Ta rufe gorar. "Kada ki gaya masa. 'Yan boko dariya suke wa irin wannan."

Sadiƙa ta tuna tambayar Gédéon. Ta dubi sabon fentin, ta dubi hannun tsohuwar da ke shafa kujerar ɗanta kamar tana shafa kansa.

Dada ta miƙa mata gorar. "Ga ragowar, ki yayyafa a ɗakinku."

Duk hanyar komawa gida abin na ran Sadiƙa.

Ta juya abin ta kowace fuska. In ta faɗa wa mijinta, zai tunkari uwarsa. Kamilu zai ji, matarsa za ta ji, kafin la'asar unguwa ta ɗauka: Hajiya Aisatu ta kusa kashe ɗanta da hannunta, ta kuma sa an kori bawan Allah. Tsohuwar ba za ta ƙara ɗaga kai a gidan suna ba. Wannan ma in an yarda da ita ke nan. In ba a yarda ba, ita ce amaryar da ta zo jiya tana neman shiga tsakanin uwa da ɗa.

In kuma ta yi shiru, mijinta zai hau jirgin nan.

Ta gwada ta gefe. Tana zuba masa ruwan wanke hannu ta ce, "Yallaɓai, da ka bari an buɗe wutsiyar nan kafin tafiyar."

Ya dube ta yana murmushi. "Iye, amarya ta zama bakanike. In sayo miki sifana?"

Ta sunkuyar da kai. Ya daina murmushin, ya ce, "Ni ma raina bai kwanta ba. Amma wa zai buɗe? Mai fentin mota? In kuma na dawo da Gédéon, na ƙaryata Dada da Yaya ke nan."

Ta shiga ɗaki ta zauna. Gorar na jingine a gindin gado. Idonta ya sauka kan jerenta, kan wani kwanon silba mai murfi, wanda Dada da kanta ta ba ta ranar da aka kawo ta. Sai maganar dattijon ta dawo mata. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Ta sauko da kwanon, ta juye ragowar ruwan a ciki, ta rufe, ta tura ƙarƙashin gado.

Kullum da safe sai ta buɗe ta duba. Da fari ba komai, har ta fara cewa ko ita ce ta yi wa tsohuwa mugun zato, kamar yadda ta yi wa Gédéon. Sannan cikin kwanon ya dushe. Sannan ya yi baƙi. Ranar tafiya na matsowa, ga farin gari ya fito a zagayen bakin ruwan.

Da hantsi, maza sun fita, Dada na zaune a inuwa tana gyaran zogale. Sadiƙa ta fito da kwanon, ta zubar da ruwan, ta tsuguna kusa da ita kamar mai shirin wanke-wanke.

Dada ta ce, "Ke, ba kwanon da na ba ki ba ne wannan? Me ya ci shi haka?"

"Ragowar ruwan nan ne na ajiye a ciki, Dada."

"Miƙo."

Tsohuwar ta shafa cikinsa da yatsa. Farin gari ya biyo yatsan. A ƙarƙashinsa ƙarfen ya yi ƙananan ramuka, kamar fuskar wanda ya yi agana.

Sadiƙa ta kafa ido a ƙasa. A hankali ta ce, "Na ji Baba Gédéon ya ce wai shi da jikin jirgi uwarsu ɗaya."

Iyakar abin da ta ce ke nan.

Dada ta daɗe tana kallon yatsanta. Kaza ta zo tana tsattsagar zogalen, ba ta kore ta ba. Leɓenta na motsi, Sadiƙa ta ji salati ne take yi a hankali.

Can ta ce, "Wa kika nuna wa?"

"Ba kowa."

"Mijinki fa?"

"Ba kowa, Dada."

Tsohuwar ta dube ta, irin kallon da ba ta taɓa yi mata ba. Ta ce, "Ɗauko mayafinki."

Suka tari taksi zuwa Yelwa, unguwar su Gédéon. Matarsa Jeannette ce ta tarbe su. Ta ba su kujera da ruwa, amma fuskarta ba walwala.

Dada ta ce da maigidan take son magana, su biyu. Suka koma gindin darbejiya a ƙarshen tsakar gida. Sadiƙa ta zauna tana taya Jeannette ɓarar gyaɗa.

Jeannette ta ce, "Kin san har babban filin jirgi maganar ta kai? Mutumin da ake kira in abu ya gagara, yanzu in ya shiga sai a tattara kayan aiki. Ya ɗebi garin nan a takarda ya kai wa abokinsa a can, don a duba a tabbatar masa. Ko karɓa abokin bai yi ba."

Kunya ta rufe Sadiƙa. Ashe ƙullin takardar ke nan.

Ba ta jin abin da ake faɗa a gindin darbejiya, sai dai gani. Ta ga Dada na magana tana murza bakin mayafi. Ta ga Gédéon ya cire hula ya riƙe kai. Ta ga tsohuwar na shirin durƙusawa, dattijon ya yi wuf ya miƙe yana girgiza hannu, har kujerarsa ta faɗi.

Da suka zo tafiya ya rako su bakin ƙofa. Ya ce, "Hajiya, ni ma uwata da tana raye, da man shanu za ta shafe injin."

Dada ta yi dariya tana share ido.

Da yamma ta tara 'ya'yanta. "Ku mayar wa Gédéon makullinsa. Ba shi ba ne. Kuma jirgin nan ba ya tashi sai ya buɗe bayansa."

Kamilu ya ce, "Dada, ke fa kika ce barbaɗe ne. In ba shi ba ne, wane ne?"

"Na faɗa, kuma na yi kuskure. Wanda ya yi ba zai ƙara ba, ni na tsaya masa."

"Amma ai ya kamata mu san..."

"Kamilu, ni na haife ka ko kai ka haife ni?"

Kamilu ya bar maganar, amma idonsa sai da ya bi kowa a tsakar gidan, har mai yi musu wanki.

Washegari gaba ɗayansu suka tafi gona. Gédéon bai yi wa kowa ƙorafi ba, ya shimfiɗa buhu ya kwanta a ƙarƙashin wutsiya. Ya nuna musu ƙananan hudojin da aka yi don ruwa ya riƙa fita. Zanzaro ya toshe su da laka. Ya sa tsinke ya zungura, wani ruwa mai launin toka ya tsiyayo masa a hannu.

Ya kwance faifan gefe, ya haska tocila. Farin gari ko'ina. Akwai wata igiyar ƙarfe da ta taho tun daga gaban matuƙi har wutsiya. Ya naɗe ta da tsumma ya ja a hankali. Tsumman ya sarƙe. Da ya cire, sai ga silin igiyar sun tsintsinke sun miƙe kamar gashin bushiya, saura kaɗan ke riƙe.

Ya ce, "Kwamanda, ka san aikin wannan."

Taufiƙ ya sani. Ita ke ɗaga hancin jirgi, ita ke sauke shi. Ya nemi wuri a ƙasa ya zauna.

Sadiƙa ta saci kallon Dada. Tsohuwar ta dafa ginshiƙin rumfa da hannu biyu. Sadiƙa ta matsa kusa da ita ta tsaya, yadda kafaɗarta za ta tokare ta ba tare da kowa ya lura ba.

Kamilu ya tsuguna gaban dattijon. "Baba Gédéon, na ci mutuncinka a banza. Ka yafe mini. Da kaina zan je babban fili in wanke ka." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma don Allah, kai ka san ko wane ne?"

Gédéon na goge hannu ya ce, "Patron, ni ƙarfe nake ji wa magana. Ya ce mini gishiri ne. Bai faɗi suna ba."

Aikin ya ɗauki lokaci, har masu daji suka nemi wani jirgin na wannan karon. Gédéon ya wanke cikin jirgin da ruwa mai daɗi, ya bar shi ya bushe sarai. Ya kankare garin da soson roba, ya ce na ƙarfe haramun ne a nan, don ɓurɓushinsa ma wata cutar yake haifarwa. Inda cin ya yi zurfi ya yanke ya sa sabo. Ya shafa wani magani mai ruwan ɗorawa, ya bi da fenti, ya canja igiya, ya fesa mai a kowane lungu. Ya ce wa Taufiƙ duk sati ya riƙa zungurar hudojin nan, zanzaro ba ya hutu.

Ranar da jirgin ya sake tashi, Dada na bakin fili. Ba gora a hannunta. Ta ɗaga tafukanta biyu ta yi addu'a mai tsawo, ta tofa a iska wajen da ya nufa, ta shafa.

Kwanon nan kuwa ta karɓe shi ta ajiye a ɗakinta, ta saya wa Sadiƙa sabo.

Taufiƙ ya dawo lafiya kafin magariba. Yana cin abinci ya lura da sabon kwano a jere. Ya dube shi, ya dubi matarsa.

"Ke da kike ganin komai ba kya magana. Tun kafin a buɗe wutsiyar nan kika ce a buɗe. Faɗa mini, wa kike zargi?"

Ta taga Sadiƙa na hango Dada a kan dardumarta, tana jan carbi da hannun nan mai ciwo.

Ta ce, "Na yi zargi sau ɗaya, Yallaɓai, ban ji daɗinsa ba. In ƙaro miya?"

Ya yi dariya ya miƙo kwano. Ita kuwa a ranta ta riga ta rufe maganar, kamar yadda ta rufe wancan kwanon. Ba mai jin ta daga bakinta, ba shi ba, ba uwarta ba, ba kowa ba.

Darasi: Kada ka ɗora wa mutum laifi don kawai makulli na hannunsa, zato ya kusa cin mutuncin dattijo da ran matashi a lokaci guda. Ƙauna ma in ba sani tana ɓarna, don haka ka yi addu'arka, ka bar mai sana'a ya yi aikinsa. In kuma ka ga kuskuren babba, nemi hanyar da zai gani da idonsa, gyara ya samu, mutunci bai zube ba. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila a gidan wani akwai wanda ake zargi yau alhali hannunsa tsaf yake.